Na mai da Kawu Basam

Kawuna, ƙanin Inna, ya zo Abijan a yi masa aikin ido. Ya daɗe rabonsa da Kwaddebuwa, tun da ya tattara komatsansa ya koma Adar, can ƙasar Nijar, kuma ba don yanar da ta rufe masa idon dama ba, na san ba abin da zai sake hawar da shi motar kurmi. Aka yi aiki lafiya, aka kwance bandeji, ya yi kwanaki yana zaune a tsakar gidanmu na Tireshbil da baƙin tabarau, yana jan carbi, rediyonsa a gefe. Ran nan bayan mun idar da lisha sai ya ce da ni, "Ɗana, kafin in koma gida ka kai ni Basam."

Inna tana wanke-wanke, ta ɗago kai ta dube shi, ba ta ce uffan ba. A gidanmu kowa ya san abin da sunan garin nan yake nufi a wurin Kawu. Ya fi shekara 20 yana talla a bakin tekun Garan-Basam, takalman fata da jakunkuna da zobban azurfa irin na Agadas, rataye a kafaɗa, daga wannan rumfa zuwa waccan. Yana wurin ranar Lahadi 13 ga Maris 2016, ranar da 'yan bindiga suka buɗe wa mutane wuta a kan yashi, gaban otal ɗin Étoile du Sud da maƙwabtansa. Allah Ya yi da sauran shan ruwansa a duniya. Amma bai taɓa zama ya ba mu labarin ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Allah dai Ya kyauta," ya kawo wata maganar.

Na ce masa to, Kawu, Lahadi sai mu je. Ya ce Lahadin yake so.

Muka tafi mu uku, da ni da shi da babbar 'yata mai shekara 12. Tashar motocin Basam tana nan Tireshbil, ba nisa da gida. Kawu ya fito riƙe da wata baƙar leda da ya ɗaure bakinta tam, na miƙa hannu in karɓa masa ya hana. Tafiyar wajen kilomita 40 ce, gabas da Abijan. Ana wuce Por-Buwe da filin jirgi, sai teku ta bayyana a hannun dama, ga itatuwan kwakwa jere. Babbar hanyar da ake bi yanzu an buɗe ta a 2015, watanni kaɗan kafin abin ya faru, kuma na tuna yadda Kawu ya yi murna da ita a lokacin, yana cewa yanzu mutanen Abijan za su riƙa kwararowa, kasuwa za ta buɗe.

Wanda bai san Basam ba zai ɗauka gari ne kawai na shan iska. A'a, tsohon gari ne mai nauyi. Shi ne babban birnin farko da Faransawa suka yi mulkin ƙasar daga cikinsa, tun 1893. Annobar shawara ta 1899 ta yi musu mummunar ɓarna, shi ya sa suka kwashe suka koma Binjarbil. Duk da haka jiragen ruwa sun ci gaba da sauke kaya a nan shekaru masu yawa, sai da aka haƙa mashigin Biridi aka buɗe tashar jiragen Abijan a farkon shekarun 1950, sannan garin ya kwanta. Tsohuwar unguwar, wadda ake kira Kartiye Faransi, tana kan wani siririn tudun yashi, teku a gabanta, tafkin da muke kira lagun a bayanta. A 2012 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Yawancin wannan daga bakin Kawu na fara jin sa tun ina yaro, shi da bai taɓa shiga lakwal ba. Shekara da shekaru yana tsaye da kayansa kusa da masu yi wa baƙi jagora, har ya haddace abin da suke faɗa.

Ta kan gada ake shiga unguwar. Sunanta Gadar Nasara, don tunawa da matan da suka tako daga Abijan a Disamban 1949 suna neman a sako shugabannin jam'iyyar PDCI da Faransawa suka tsare a kurkukun garin. A bakin gadar nan aka tare su da duka da feshin ruwa. Yanzu in ka sauko daga gadar akwai wani abin tunawa kuma, dutsen da aka kafa saboda waɗanda aka kashe a 2016. Nan Kawu ya ce mu tsaya. Ya cire tabarau, ya matsa kusa, ya ce da 'yata, "Karanta mini, idona bai kai ba tukuna." Ta shiga karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, tana tuntuɓe a kan waɗanda ba ta saba ji ba. Bai katse ta ba har ta kai ƙarshe. Sai ya shafa fuska, ya mai da tabarau, muka wuce.

Muka bi ta gaban tsohon gidan gwamna, wanda yanzu ya zama gidan tarihin tufafin gargajiya, da tsofaffin gidajen 'yan kasuwa masu baranda, waɗansu an gyara, waɗansu itatuwa sun tsiro ta cikin tagoginsu. Daga nan sai layin otal-otal da gidajen abinci.

Ina so mai karatu ya gane yadda wurin yake, domin yawancin waɗanda suka ji labarin a rediyo ba su gane ba. Étoile du Sud, wato Tauraron Kudu, da sauran otal-otal ɗin layin, ƙofarsu ta gaba tana kallon titi, ta baya kuma tana buɗewa kai tsaye a kan yashi. A ciki akwai wurin ninƙaya da kujerun kishingiɗa da rumfunan ganyen kwakwa, na wanda ya biya. Amma da ka taka 'yan taku kaɗan ka fito, yashin na kowa ne. Ranar Lahadi samari da 'yan mata na Yofugon da Abobo da sauran unguwannin talakawan Abijan suke haɗa kuɗi su ɗauki shatar gbaka, wato ƙaramar motar haya, su zo da ƙwallo da abin kiɗa da abincinsu a kula. Ga mata masu soya aloko, wato ayabar agada, ga masu fasa kwakwa da adda, ga masu hayar doki, ga masu hoto, ga irin su Kawu. In ka ƙirga mutanen da ke wurin da rana tsaka, baƙin da suka kama ɗaki ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba a ganina. Tekun ma ba ta wasa ba ce, igiyarta tana da ƙarfi, tana ja, duk shekara sai ta ci mutane, shi ya sa yawanci a gefe-gefe ake tsayawa ana jiƙa ƙafa.

Muka samu wata rumfa can gefe, na biya kuɗin kujeru, na sayo mana kwakwa uku. Kawu ya daɗe yana kallon ruwa. Ban tambaye shi komai ba. Shi da kansa ya fara.

Ya nuna wani wuri da haɓa, ya ce a nan yake durƙushe. Wata mata ce da 'ya'yanta biyu take gwada takalmi, ta sa na dama ya yi mata daidai, na hagun yana hannunsa yana sassauta maɗauri. Rana ta take, an kusa azahar. Sai ya ji ƙara, ta-ta-ta, ya ɗauka yara ne suke fasa abin wasan wuta irin na sabuwar shekara. Har matar ta yi tsaki. Sai ya ga mutane sun taso gaba ɗaya kamar an watsa wa kaji ruwa, ya ga wani saurayi da ke gudu ya kife bai tashi ba. Ya ce ya hango ɗaya daga cikinsu, yaro ne, bai kai ni ba, yana tafiya a hankali a kan yashi ba ya ko sauri, bindiga a hannu. Waɗansu mutane suka faɗa cikin teku, tekun da kowa ya san halinta. Waɗansu suka yi cikin otal. Shi bai san lokacin da ya zubar da kayansa ba.

Daga nan ya yi shiru, har na ɗauka ya gama. Can ya ce, "Ɗana, abin da ya hana ni barci ba jinin ba ne. Na ji suna kabbara. Kalmar da nake ta da salla da ita sau biyar a yini, ita na ji, ana harbin yara masu wasan ƙwallo."

Ya ce ya bi ayarin masu gudu suka kutsa unguwar 'yan Nzima, masu garin na asali, wadda ke manne da Kartiye Faransi. Lunguna ne matsattsu na masunta. Wata tsohuwa ta buɗe ƙofa tana yi musu hannu, suka dunguma ciki, su fi goma, har da wani Bature da ba ko riga a jikinsa da wata yarinya da ta rabu da uwarta. Tsohuwar ta kulle ƙofa, ta sa su kwanta a ƙasa. Akwai gicciye rataye a bango. Ta san fuskar Kawu, shekaru tana ganin wucewarsa, amma ba ta san sunansa ba, sai ta kira shi da sunan da mutanen Abijan suke kiran duk wani ɗan Nijar, Aboki. Ya ce sai da harbi ya lafa sannan ya lura har yanzu takalmin hagun nan yana hannunsa, ya damƙe shi har yatsunsa sun sage. Tsohuwar ce ta ɓamɓare masa yatsu ɗaya-ɗaya ta karɓe. Da la'asar ta yi, ba tare da ya roƙa ba, ta kawo masa ruwa a kofin roba, ta shimfiɗa masa zanenta mai tsabta a kusurwar ɗaki, ta ce, "Aboki, yi sallarka, ka roƙa mana." Ya ce yana tsaye zai yi kabbarar harama harshensa ya yi nauyi, don ya san mutanen da ke kwance a ɗakin sun ji kalmar ɗazu a bakin wasu. Sai ya yi ta a hankali, yadda shi kaɗai zai ji.

Ni a ranar ina Abobo wurin sunan ɗan wani abokina. Wayoyi suka fara ƙara a lokaci ɗaya. Na kira Kawu ya fi sau 30, tana shiga ba a ɗauka, ashe tana can cikin jakar da ya yar. An rufe gada, ba shiga. Da farko hukuma ta ce maharan su shida ne, daga baya aka tabbatar su uku ne, kuma dukansu sojoji sun kashe su. Adadin mamata ma haka ya riƙa hawa, 16, sai 18, har ya tsaya a 19, cikinsu da sojoji 3 na runduna ta musamman. Waɗanda suka ji rauni 33. Inna ta zauna a bakin ƙofa da mayafinta a hannu, ta ƙi shiga ɗaki. Sai bayan magariba wata baƙuwar lamba ta kira ni, na ji muryarsa, ya ce, "Ni ne. Ka gaya wa Yaya ina nan da raina."

A daren ne ƙungiyar Alƙa'ida ta yankin Magrib ta ce ita ta kai harin, daga baya ta ce ramuwa ce a kan Faransa saboda yaƙin da take yi da su a Sahel. Ba shi ne na farko ba. A Nuwamban 2015 an shiga otal ɗin Radisson Blu na Bamako, a Janairun 2016 aka kai wa otal ɗin Splendid da gidan abincin Cappuccino na Wagadugu, inda mutum 30 suka mutu. Mu a Abijan muna jin waɗannan labarai muna cewa abin na can sama ne, na ƙasashen hamada. Ba wanda ya zaci zai gangaro har bakin ruwa.

Akwai maganar da na ji da kunnena a kwanakin nan wadda har yau in na tuna ta raina yana ɓaci. A wata majalisa da muke zama da yamma, wani ya ce, "Ai wurin Turawa ne, wurin giya da tsiraici." Bai ce ya ji daɗi ba, amma ya faɗe ta da sigar da ke rage wa abin nauyi. Na ce masa kawuna yana wurin. Ya ce ai ba da shi yake ba. To da wa yake? A cikin mutum 19 ɗin nan 'yan Kwaddebuwa sun fi kowa yawa. Akwai mutum ɗaya daga Najeriya. Akwai Faransawa 4, da mutumin Labanan, da 'yar Masedoniya, da Bajamushiya Henrike Grohs, shugabar cibiyar al'adun Jamus ta Goethe da ke Abijan, wadda mawaƙa da masu zane na garin nan suka yi kukan rashinta kamar 'yar'uwarsu. Kuma ko da a ce dukansu baƙi ne, wa ya ba wani izinin ɗaukar ransu? Mutum ya zo ƙasarka da aminci, ya zauna yana cin kifi da iyalinsa. Ni ban yi karatun addini mai zurfi ba, allo na yi sai 'yan littattafai a wurin malamin unguwa, amma ban taɓa jin inda aka halatta wannan ba. Tun daga ranar na daina zama a majalisar.

Kafofin labarai na waje su ma da nasu. Kullum sai su ce an kai hari wani otal da Turawa ke zuwa, su nuna hoton ƙofar Étoile du Sud. Gaskiya ne an kai, kuma ma'aikatan otal ɗin sun ga tashin hankalin da ba mai so ya gani. Amma sunan otal ya rufe yashin da ke gabansa, da mutanen da ke kai, waɗanda ba su da rajista a littafin baƙi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya karya Kawu. Mako biyu bayan harin aka yi bikin Kiristoci na Ista, 27 ga Maris, lokacin da a da ba ka samun wurin sa ƙafa a bakin tekun. Ya ce ya je ya tarar da sojoji sun fi masu shan iska yawa. Kayan da ya zubar bai samu ko rabinsu ba, kuma bashi ya ɗauko su a wurin wani ɗan garinmu a kasuwar Ajame ta Abijan. Ya kan yini bai sayar da abin jika biyu ba. Masu otal sun rage ma'aikata, masu aloko sun koma gida, masu sassaƙa da ke jere a bakin hanyar shiga gari suna zaune suna kore ƙuda.

Sai kuma kallo. Da aka fara kama mutane aka ji yawancinsu 'yan Mali ne, kuma a idon mutumin kurmi ba bambanci tsakanin ɗan Mali da ɗan Nijar, duk wanda ya sa doguwar riga ya naɗa rawani daga sama ya zo. Kawu ya ajiye rawaninsa, ya koma sa hula hana-salla irin ta samari, dattijo da furfurarsa. Wani mai gadi a wani wurin cin abinci, wanda shekaru suna gaisawa har yakan ba shi goro, ya tare shi ya ce kada ya ƙara matsowa da jaka. Kawu ya buɗe jakar ya nuna masa takalma ne. Ya ce ya sani, amma baƙi suna tsoro. Da yake ba ni wannan labarin a rumfar nan, muryarsa ta fi rawa a kan lokacin da yake maganar harbi.

Dole kuma in faɗi gaskiyar ɗaya ɓangaren. Mu da muka ga rikicin 2002 da na bayan zaɓen 2010, lokacin da kasancewarka baƙo daga arewa kaɗai ya isa a tare ka a shinge, mun kwana da fargaba a daren 13 ga Maris. Mahaifina ya sa aka kulle shago kwana biyu. Amma ba a far wa unguwanninmu ba. Shugaba Alasan Watara ya je Basam a yammacin ranar, aka yi zaman makoki na kwana 3, limamai da fastoci suka yi magana da murya ɗaya. Kalmar da ta cika gari ita ce "yako", wato sannu, ita mutanen ƙasar nan suke faɗa wa wanda abu ya sama. Maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Bawule ta shigo har ɗaki ta riƙe hannun Kawu ta ce masa yako. Mutanen nan sun san mu. Abincin da ɗan Abijan ya fi ci da rana, aceke, wato turaren garin rogo, da soyayyen kifin ton, sunansa garba, saboda 'yan Nijar ne suka yi suna da sayar da shi. Kakanninmu sun zo cin rani suka zauna, mu an haife mu a nan. Yara uku da bindiga ba su iya tsinke wannan ba, amma sun sa masa tabo, kuma irin su Kawu da ke yawo da jaka a kafaɗa su suka fi jin zafinsa.

Ya daure har bayan babbar sallar shekarar. Mahaifina da ni muka haɗa muka biya masa bashin, ya hau mota ya koma Adar, ya kama noman gero da 'yan awaki.

Shari'a ba ta zo ba sai ƙarshen 2022. An gurfanar da mutum 18 a kotun Abijan, amma 4 kaɗai ne suke tsaye a gaban alƙali, waɗanda aka ce sun yi wa maharan masauki da tuƙi da nuna hanya. Ranar 28 ga Disamba aka yanke wa 11 ɗaurin rai da rai, 7 daga ciki ba sa nan, har da Kunta Dalla, wanda aka ce shi ya tsara abin. Na tambayi Kawu ko ya ji. Ya ce ya ji a rediyo yana gona. Na ce me ya gani? Ya ce, "Wanda ya aiko yaran nan yana wani wuri yana shan shayi." Ya ce shi abin da yake tunani, yaron da ya gani yana tafiya a kan yashi, wace uwa ce ta haife shi, kuma wa ya zauna da shi ya koya masa cewa wannan aikin Allah ne. Yanzu ga shi abin ya ci Mali, ya ci Burkina, ya shigo yammacin Nijar, har yankinmu na Tawa ya ɗanɗana. A 2020 an kashe sojojin Kwaddebuwa a Kafolo, kan iyakar arewa. Kawu ya ce ya gudu daga bakin teku ya koma gida, ya tarar labarin ya riga shi isa.

Muna zaune wurin ya cika. Ƙwallo ta faɗo kusa da ƙafar Kawu, wani yaro ya zo da gudu ya ɗauka yana ba da haƙuri. Ta ƙofar baya ta Étoile du Sud ina hango masu kai abinci da fararen riguna suna kai da kawowa, akwai baƙi a kan kujeru, akwai masu tsaro. 'Yata ta roƙa a bar ta ta taɓa ruwa, na riƙe hannunta muka je, igiya ta zo ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu ta yi ihu tana dariya. Da muka dawo muka tarar Kawu ya tsayar da wani saurayi mai tallan takalma, ashe ɗan wajen Buza ne, shekararsa biyu da zuwa. Kawu ya juya takalmi ɗaya ya duba ɗinkin ƙasa, ya gaya masa wannan zaren ba zai jure ruwan gishiri ba, ya kwatanta masa inda zai samu mai kyau a Ajame. Bai ce masa komai ba game da 2016. Na sayi gasasshen kifi da aceke muka ci mu huɗu.

Bayan mun wanke hannu Kawu ya ɗauki baƙar ledarsa ya ce, "Tashi mu je." Sai a lokacin ya kwance ta ya nuna mini. Turmin atamfa ne mai kyau, da ƙullin kilishi. Ya ce tun ranar da ya fita daga gidan tsohuwar nan da magariba, a ruɗe, bai koma ya yi mata godiya ba. Watannin da ya ƙara yi a garin kunya ta hana shi, don ba ya son ya je hannu sake, kuma ba shi da abin kai wa. Shekarun nan duka abin yana ransa. Awaki biyu ya sayar kafin ya taho, ɗaya don guzuri, ɗaya don atamfar.

Muka shiga unguwar Nzima. Abin da ya riƙe shi ne ƙofa shuɗiya ta katako, da injin kwalekwale jingine a tsakar gida, da wani famfo a bakin lungu. Amma ƙofofi shuɗɗa sun fi goma, an yi sababbin gine-gine na bulo, ambaliyar 2019 ma ta sa waɗansu sun sake fasalin gidajensu. Muka ƙwanƙwasa gida huɗu. Duk inda muka yi bayani sai a ce mana yako, a kawo kujera. Ashe gidaje da yawa sun ɓoye mutane a ranar, kowa yana da nasa labarin, wata ta ce su mutum 20 suka kwana a ɗakinta. Amma ba wadda ta tuna da Aboki mai takalmi ɗaya a hannu. Rana ta yi sanyi, idon Kawu ya fara ruwa, likita kuma ya hana shi daɗewa cikin iska. Na ce mu tafi, Kawu, zan dawo. Ya raba kilishin ga yaran gidan ƙarshe, ya miƙo mini atamfar.

Ranar Laraba na raka shi tasha. Har mota ta tashi yana leƙowa ta taga yana maimaita mini, ƙofa shuɗiya, injin kwalekwale, tsohuwa gajera mai tabo a haɓa.

Na koma sau biyu tun daga nan. A zuwa na biyu wani dattijo masunci da ke gyaran koma ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in bari sai lokacin Abisa, bikin shekara na 'yan Nzima da ake yi wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da duk 'yan unguwar na nesa da na kusa suke dawowa gida. Ya ce in tsohuwar tana raye za a same ta, in ta rasu 'ya'yanta za su zo, kuma shi da kansa zai zaga da ni. Na karɓi lambarsa. Atamfar tana nan cikin ledarta a saman kabad ɗina, kuma duk Juma'a in Kawu ya samu waya ya kira, bayan gaisuwa abin da yake fara tambaya ke nan.